Ma'anar SOTIF a harkar motoci masu tuƙa kansu

SOTIF gajartawa ce ta Turanci, "Safety Of The Intended Functionality", wato amincin na'ura yayin da take yin aikin da aka tsara mata. Laƙabi ne na ƙa'idar ISO 21448 da ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar a 2022. Abin da take bi shi ne hatsarin da mota za ta iya jawowa alhali babu abin da ya lalace a jikinta. Ɓacin kaya, irin birki ya ƙi ci ko kwamfuta ta tsaya cak, tsohuwar ƙa'ida ISO 26262 ce ke kula da shi. Damuwar SOTIF kuwa kyamarar da ke aiki lafiya lau amma rana ta kashe mata ido, ko manhajar da ta ga abu ta kasa gane ko mene ne.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi tana tura keke, ta rasu. Hukumar binciken hatsarin sufuri, NTSB, ta gano cewa na'urorin motar sun hango ta tun daƙiƙa 5.6 kafin karon. Gani dai sun gani. Manhajar ce ta yi ta sauya shawara: yanzu ta ce mota ce, an jima keke, an jima wani abu daban, kuma duk sauyi sai ta watsar da lissafin inda matar ta dosa. Ba a tsara ta da sanin cewa mutum kan tsallaka inda babu alamar tsallakawa ba, abin da ko ɗan koyon tuƙi ya sani. Mai sa idon da ke kujerar direba kuma hankalinta na kan waya.

Aikin masu tantancewa shi ne zaƙulo irin wannan yanayi tun ba a yi karo da shi a titi ba. Hatsarin da aka sani da sauƙi, a gyara ko a hana motar shiga wurin. Wanda ba a sani ba shi ne ciwon kai. Yawo a titi kaɗai ba ya isa: cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta lissafa a 2016 cewa sai an yi tafiyar mil miliyan 275 ba a rasa rai ba kafin a nuna da alƙaluma cewa motar ta kai direban ɗan'adam.

Shi ya sa ake haɗawa da filin gwaji mai shinge, inda ake cusa mutum-mutumi gaban mota, da kuma kwaikwayo a kwamfuta, inda za a maimaita mahaɗar hanya ɗaya sau dubbai ana sauya hazo, haske da gudun mai tsallakawa. A ganina, kamfanin da ke alfahari da yawan mil gara a tambaye shi a wane irin titi aka yi su, da rana ko da dare.