Waiwaye: yadda taurarin ɗan Adam suka ga gonakin kwarin Katmandu sun koma siminti

A ƙarshen Satumban 2024 aka yi kwana biyu ana tafka ruwa a Katmandu, babban birnin Nepal, har kogin Bagmati ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane. Fiye da mutum 200 suka rasu a faɗin ƙasar. Nan da nan aka ɗora laifin a kan sauyin yanayi, kuma ba a yi ƙarya ba: masanan World Weather Attribution, ƙungiyar da ke auna hannun sauyin yanayi a irin waɗannan bala'o'i, sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan ƙarfi da kusan kashi 10 cikin 100. Amma hotunan da aka shafe shekara hamsin ana ɗauka daga sama sun nuna akwai wani mai hannu a ciki.

Kwarin kamar ƙwarya yake, tsaunuka sun kewaye shi, yana kusan mita 1,400 sama da teku. Tsohon tafki ne da ya ƙafe ya bar ƙasa mai albarka, shi ya sa aka san shi da shinkafa. Lokacin da Amurka ta harba Landsat na farko, tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoton doron ƙasa, a 1972, gonaki ne suka cika hoton, garuruwan Katmandu da Lalitpur da Bhaktapur kuwa kowanne yana zaman kansa.

Daga nan sai gini ya fara cin gona. Yaƙin 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao, daga 1996 zuwa 2006, ya koro mutanen karkara zuwa birni, kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa daga ƙasashen Larabawa da Malesiya kuma suka tafi sayen fili. Ƙidayar 2021 ta samu kusan mutum miliyan 3 a gundumomi uku na kwarin. Gonar shinkafa tana riƙe ruwa ta shanye shi sannu a hankali, siminti kuwa tura shi yake yi kogi, kogin da shi ma an matse masa hanya da gine-gine a gaɓarsa.

Abin da ya sauƙaƙa bin diddigin nan shi ne matakin da Amurka ta ɗauka a 2008 na sakin taskar hotunan Landsat kyauta. Kafin nan hoto ɗaya kan ci ɗaruruwan daloli. Cibiyar ICIMOD mai nazarin yankunan tsaunuka, wadda aka kafa a Katmandu a 1983, ta haɗa kai da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a 2010 wajen zana taswirorin yankin. Aikin na da tasa matsalar: daga Yuni zuwa Satumba gajimaren damina kan rufe kwarin, daidai lokacin da aka fi bukatar gani. Sai an koma ga na'urar rada mai huda gajimare, irin ta tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Sentinel-1.

Ba duka labarin ne mai ɗaci ba. Bayan dokar gandun daji ta 1993 ta damƙa kula da dazuka a hannun jama'ar ƙauyuka, wani binciken Landsat ya nuna dajin Nepal ya tashi daga kusan kashi 26 na faɗin ƙasar a 1992 zuwa 45 a 2016. Tsaunuka sun yi kore, kwarin ya yi toka.

Rada ta tono wani abin da ido ba ya gani. Tsakiyar birnin na nutsewa da 'yan santimitoci duk shekara, saboda rijiyoyin burtsatse suna zuƙe ruwan da ke ƙarƙashin lakar tsohon tafkin, ga shi simintin da ke sama ya hana ruwan damina komawa ƙasa ya cike gurbin.