Wa Zai Biya Kuɗin Ceto Idan Mai Hawan Dutse Ya Maƙale?

A wata majalisa da ke gindin duwatsun Birnin Kudu, dattawa sun yi gardama a kan mutanen da ke hawan manyan duwatsu don nishaɗi, su maƙale, a tura jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko su. Ga tambayoyinsu da amsoshin da na ba su.

Wane irin hawan dutse ake nufi?

Ba irin wanda yaranmu ke yi idan sun bi awaki ba ne. Dutsen Mont Blanc da ke tsakanin Faransa da Italiya ya haura mita 4,800, Everest kuwa ya kai mita 8,849, inda ƙanƙara ke rufe hanya, numfashi ya yi wuya, kuma wanda ya karye ba ya saukowa sai an je an ɗauko shi.

To, wa ke biya a can?

Kowace ƙasa da tsarinta. A Faransa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ceto a kan dutse, ta hannun rundunar jandarmomi ta musamman da aka kafa a Chamonix, wani gari a gindin Mont Blanc, a 1958, bayan wasu matasa biyu sun mutu a Mont Blanc saboda ruɗanin da aka samu wajen ceto su. A Birtaniya 'yan sa-kai ne ke aikin kyauta, da gudummawar jama'a. A Suwizalan ƙungiyar ceto ta jiragen sama mai suna Rega, wadda aka kafa a 1952, takan yafe wa masu ba ta gudummawar shekara kuɗin da inshorarsu ba ta biya ba. A Tanzaniya kuwa, mai hawan dutsen Kilimanjaro yana biyan kuɗin ceto tun a ƙofar shiga.

Ranka ya daɗe, wanda ya kai kansa, don me mai biyan haraji zai ɗauki nauyinsa?

Wannan ƙorafi yana da tushe. A 2022 magajin garin Saint-Gervais da ke gindin Mont Blanc a Faransa, Jean-Marc Peillex, ya ba da shawarar mai son hawan Mont Blanc ya ajiye Yuro 15,000, wato 10,000 na ceto da 5,000 na jana'iza, saboda takaicin masu hawa ba shiri. Jihar New Hampshire a Amurka ma tana iya neman kuɗinta daga wanda sakacinsa ya jawo aka fita nemansa.

Me zai hana a caji kowa da kowa?

Tsoron kuɗi yana sa mutum ya ƙi neman taimako da wuri. Wanda ya ɓata da la'asar zai yi ta ƙoƙarin fid da kansa har dare ya yi, sanyi ya kama shi, sannan masu ceto su fita cikin duhu, su ma rayukansu cikin haɗari. Mu a nan mun san haka: idan mutum ya faɗa rijiya, igiya ake nema, ba wanda ke tambayar abin da ke aljihunsa, ko da gangancinsa ne ya jefa shi. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta kwatanta raya rai ɗaya da raya mutane baki ɗaya. Sannan idan ceto ya zama kasuwanci, ha'inci yakan shigo. A 2018 binciken gwamnatin Nepal, ƙasar da ake hawan Everest daga cikinta, ya gano kamfanonin da ke kiran jirgi ba gaira ba dalili don su karɓi kuɗin inshora.

Wane tsari ya fi kusa da adalci?

A ganina, tsarin Kilimanjaro ne: masu hawa su zuba ɗan abu a asusu ɗaya kafin su hau, kamar yadda 'yan ƙungiyar manoma ke tara kuɗin ko-ta-kwana, ta yadda nauyin zai tsaya a kan masu sha'awar. Wanda aka gargaɗe shi ya ƙi ji, a ceto shi tukuna, in ya warke a kai masa takardar kuɗin.