Inshorar Tafiya Ƙasashen Waje

Inshorar tafiya yarjejeniya ce da matafiyi ke ƙullawa da kamfanin inshora kafin ya bar gida. Shi zai biya ƙayyadadden kuɗi, kamfani kuma ya ɗauki nauyin asibiti idan hatsari ko ciwon gaggawa ya same shi a ƙasar waje cikin kwanakin da aka rubuta. Wasu takardun kan haɗa da ɓatan kaya ko soke tashin jirgi, amma jigon abin shi ne kuɗin magani, da ɗaukar majinyaci zuwa asibitin da zai iya da shi, da dawo da gawa idan ta Allah ta kasance.

A Najeriya hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanonin inshora lasisi. A 2013 ta fitar da ƙa'idojin Takaful, wato tsarin taimakekeniya da aka gina bisa shari'ar Musulunci, ga masu ƙyamar inshorar da aka saba saboda kuɗin ruwa da garari, wato rashin tabbas a ciniki. Katin lafiya na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da na takwararta KADCHMA ta jihar Kaduna aikinsu a gida yake, ba sa bin mutum ƙetare.

Da yawa daga matafiyan Kaduna a wajen neman biza suke fara jin labarin inshorar tafiya. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, irin su Faransa da Jamus da Italiya, ba sa ba da bizar ziyara sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, mai aiki a duk faɗin yankin har ranar dawowa. Nan ne ake samun sakaci. Ejan ya sayo mafi araha, ya cusa ta cikin fayil tare da hoton fasfo da takardar banki, matafiyi ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ya miƙa, bai taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Amurka ba ta tilasta wa mai ziyara yin inshora, alhali can ne kwana ɗaya a gadon asibiti zai iya cinye jarin ɗan kasuwa. A Ingila, baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na ainihin kuɗin aikin. Saudiyya kuwa ta haɗa inshora cikin kuɗin bizar Umara.

Shafin da ya fi cancantar karatu shi ne na abubuwan da kamfani ya ce ba ruwansa da su. Na farko a ciki tsohon ciwo ne. Dattijon da ya shekara goma yana shan maganin hawan jini ko ciwon suga, in ya yanke jiki ya faɗi a Dubai, kamfani zai nemi tarihin lafiyarsa. Idan bai bayyana ciwon ba lokacin cike fom, ana iya hana shi ko sisi. Wasu kamfanonin sukan karɓi irin wannan ciwo da ƙarin kuɗi, wasu kuma suna da iyakar shekaru. Haka nan wanda ya nufi Indiya ko Masar musamman don a yi masa aiki, inshorar tafiya ba ta biyan wannan, domin ba ciwon ba-zata ba ne. Tsohon ciki, tuƙa babur ba hular kwano ko lasisi, hatsari cikin maye da shiga yankin da ake yaƙi, galibi duk suna waje.

Sai yadda ake biya. Akwai kamfanin da ke biyan asibiti kai-tsaye da zarar an kira lambar gaggawarsa, akwai wanda sai majinyaci ya biya daga aljihunsa, ya dawo da rasit da rahoton likita a mayar masa. Na biyun nan wahala ce ga wanda guzurinsa bai taka kara ya karya ba. Ana kuma duba irin kuɗin ƙasar da aka rubuta diyyar da shi, domin tun da Naira ta faɗi a 2023, adadin da ya yi kauri a Naira ba ya zuwa ko'ina a asibitin Turai. Wasu takardun kan ɗora wa matafiyi wani kaso na farko na kowane caji kafin kamfani ya shigo.

Sharaɗin dawo da gawa bai cika damun Musulmi ba, tunda an fi son a yi sutura da wuri a inda ajali ya riski mutum, ko da yake dokar Shengen ta wajabta shi. Masu yawan zirga-zirga, kamar 'yan kasuwar da ke saro kaya a Cana, sukan yanki inshorar shekara guda, wadda ke ƙayyade kwanakin da kowace tafiya ba za ta wuce ba.