Me ake nufi da takardar shaidar mutuwa, kuma a ina ake samun ta?

Takardar shaidar mutuwa ita ce takardar da hukuma ke bayarwa don tabbatar da cewa wane ya rasu, ranar kaza, a wuri kaza. Mutane da yawa sun ɗauka takarda ce tilo da ake miƙa wa iyalin mamaci, wadda in ta salwanta shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Ainihin shaidar tana cikin littafin rajista da ke hannun hukuma. Abin da iyali ke riƙewa kwafi ne da aka ciro daga littafin, jami'i ya sa hannu ya buga hatimi. Don haka ko wuta ta ci na farko ana iya neman wani, kuma ana iya neman adadin da ake buƙata. Wanda ya gane haka ba zai ɓata lokaci yana kwashe akwatunan gida ba, zai fara ne da tambayar wane ofishi ke riƙe da littafin.

Akwai takardu uku da ake yawan cuɗanya su. Ta farko ita ce wadda likita ke cikewa yana bayyana musabbabin mutuwa. Ta biyu ita ce shaidar da ofishin rajista ke bayarwa bayan an shigar da rasuwar cikin littafi. Ta uku izinin binnewa ce, a ƙasashen da doka ta tanadi haka. Banki da kotu da kamfanin inshora galibi ta biyun suke nufi idan suka ce a kawo shaida. Ana samun iyalan da ke ajiye takardar asibiti shekara da shekaru da tunanin sun gama komai, sai ranar da ake buƙata a ce musu ai ba a taɓa yin rajistar rasuwar ba. Takardar likita mabuɗi ce ta zuwa yin rajista, ba ta tsayawa a madadin rajistar.

Duk da haka takardar likitan ta cancanci a tsaya a kanta, domin tsarinta na da hikima. Ƙasashe da dama suna bin samfurin Hukumar Lafiya ta Duniya. A sashen farko likita na jera dalilai daga sama zuwa ƙasa: a layin sama abin da ya yi ajalin mutum kai tsaye, a ƙarƙashinsa abin da ya jawo shi, a haka har a kai ga tushen lamarin. A ce dattijo ya faɗi ya karye a ƙugu, ya daɗe a kwance, ciwon huhu ya kama shi, ya cika. Ciwon huhu zai zo a sama, karaya a tsakiya, faɗuwa a ƙasa, kuma faɗuwar ce ake lissafawa a matsayin tushen mutuwar. Sashe na biyu na ɗauke da wasu cututtukan da suka taimaka amma ba su cikin jerin. Wannan jeri ba don masu ƙididdiga kaɗai yake da amfani ba. Idan mamacin na da inshorar haɗari, layin ƙasan nan na iya zama abin da zai sa a biya iyalinsa ko a hana su. Daga baya ana mayar da dalilan zuwa lambobi bisa kundin rarraba cututtuka na duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022. Idan kuwa mutuwar ta fuju'a ce ko akwai zargi a cikinta, lamarin na komawa hannun masu bincike, kuma shaidar na iya jinkiri har sai sun kammala.

Dalilin da ya sa doka ta damu da wannan takarda a fili yake. Mutum na barin asusun banki, fili, gida, bashi, fansho da wasiyya, kuma babu wanda zai saki ɗayansu don kawai wani ya zo ya ce mai shi ya rasu. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne nauyin kwanan wata, wani lokaci har da sa'a. Idan mutum biyu masu gadon juna suka rasu kusa da kusa, sanin wanda ya riga wani na iya sauya alƙiblar dukiya gaba ɗaya daga wannan gida zuwa wancan. Haka ma matar da mijinta ya rasu ko mijin da matarsa ta rasu, a wurare da yawa ofishin aure zai nemi shaidar kafin ya rubuta sabon aure.

To, a ina ake nema? Ƙa'idar da ta fi yawa a duniya ita ce ana rubuta mutuwa a yankin da ta auku, ba a garin haihuwar mamaci ba, ba kuma lallai a inda yake zaune ba. Nan ne masu nema suka fi ɓata hanya. Wanda aka ɗauka daga ƙauye aka kai babban asibitin birni ya rasu a can, sunansa na littafin birnin ne, ko da an mayar da gawarsa gida. Wanda ajali ya riska a kan hanyar tafiya, a yankin da abin ya faru za a duba. Ofishin da ke da alhakin aikin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa ofishin magajin gari ne. A Ingila ofishin rajista na yanki ne, wa'adinsa kwana 5, sannan kwafi na tafiya babban ofishin rajista na ƙasa. A Najeriya dokar 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A Amurka babu littafi ɗaya na ƙasa baki ɗaya da za a nemi shaida daga gare shi. Kowace jiha da nata ofishin da nata dokokin.

Kafin a tunkari ofishi, a haɗa cikakken sunan mamaci, ranar rasuwa ko aƙalla shekarar, da wurin da ya rasu. A kuma rubuta duk sigogin da sunan zai iya zuwa da su, domin magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma wanda kowa ya sani da laƙabi na iya kasancewa a littafi da sunan yanka. Ba kowa ake ba kwafi ba a ko'ina. A Faransa da Ingila kowa na iya neman shaidar rasuwar kowa. Jihohin Amurka da dama kuwa suna taƙaita bayarwa ga dangi na kusa ko lauyansu har sai wasu shekaru sun shuɗe, saboda gudun masu amfani da sunan matattu wajen zamba. Don aikin shari'a a nemi kwafi mai hatimi, kuma a karɓi fiye da ɗaya tun farko, tun da wasu ofisoshin kan riƙe wanda aka ba su. Idan za a yi amfani da takardar a wata ƙasa, ana iya buƙatar fassarar da aka tantance da kuma ƙarin tambarin gaskatawa. Yarjejeniyar Hague ta 1961 ta sauƙaƙa wannan tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta. Sauran sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci.

Idan ba a taɓa yin rajista ba, ƙofa ba ta rufe ba. Dokoki da yawa sun tanadi rajistar da aka makara, da takardar rantsuwa da shaidu da duk wata hujja ta asibiti ko maƙabarta, wani lokaci sai da umarnin kotu. Wanda ya ɓace ba a ga gawarsa ba lamarinsa daban ne: kotu ce kaɗai ke iya yanke hukuncin ɗaukarsa a matsayin mamaci, kuma a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila shekara 7 ce aka saba jira, sai in akwai hujja mai ƙarfi kamar nutsewar jirgi.

Mai binciken nasaba buƙatarsa ta sha bamban. Shi ba hatimi ya dame shi ba, abin da aka rubuta a ciki yake so. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe aka fara rajistar hukuma a wurin da yake bincike, domin neman takarda a zamanin da ba a fara rubuta ta ba wahalar banza ce. A Ingila da Wales an fara ranar 1 ga Yulin 1837, a Sikotlan 1855, a Ailan 1864. Faransa ta riga su, tun 1792 ta karɓe aikin daga hannun coci ta ba hukumomin gari. Kafin waɗannan shekaru sai a koma ga littattafan wuraren ibada. A Ingila, alal misali, tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan sarki, ya umarci majami'u su riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa. A lura, irin waɗannan littattafai ranar binnewa suke ɗauke da ita, ba lallai ranar rasuwa ba.

Littattafan ma kansu suna halaka. A watan Mayun 1871 wuta ta cinye tsofaffin rajistocin birnin Paris, da na zauren birni da kwafinsu da ke fadar shari'a, duk a 'yan kwanaki. Da aka zo sake gina su, takardun da ke hannun iyalai da na coci da na ofisoshin rubuta yarjejeniya aka tattara, kuma wani ɓangare kawai aka iya maidowa. A Dublin, babban birnin Ailan, gobarar 1922 ta laƙume ma'ajiyar takardun gwamnati, amma rajistocin haihuwa da mutuwa na hukuma sun tsira domin a wani gini suke. Saboda haka idan aka ce maka littafi ya ƙone, tambayi ko an taɓa aika kwafinsa wani wuri. In babu, akwai littafin maƙabarta, rubutun kan kabari, sanarwar rasuwa a jarida, takardun rabon gado a kotu, bayanan soja ko na wurin aiki, da kuma tsofaffin dangi, waɗanda ya kamata a fara zama da su tun kafin a je kowane ofishi.

Intanet ta kawo sauƙi sosai. Shafin binciken nasaba na FamilySearch na da tarin hotunan tsofaffin rajistoci kyauta, hukumar ƙididdiga ta Faransa kuma ta buɗe jerin waɗanda suka rasu tun daga 1970. Amma yawancin abin da ake gani a shafukan nan fihirisa ce da wani ya kwafa da hannu, kuma mai kwafa na kuskure. A yi amfani da ita a gano lambar shafi, sannan a nemi hoton asalin.

Abin da na fi so mai bincike ya riƙe shi ne cewa layukan takardar ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ranar rasuwa da wurinta da musabbabinta an rubuta su ne dab da faruwar abin, daga bakin waɗanda suka gani, don haka ana iya dogaro da su. Shekarun mamaci, garin haihuwarsa da sunayen iyayensa kuwa sun fito ne daga wanda ya je ba da bayani, mutumin da ke cikin alhini, ana tambayarsa abin da ya faru shekara 70 ko 80 da suka wuce. In ɗan'uwan mamaci ne, da sauƙi. In suruki ne ko maƙwabci ko ma'aikacin asibiti, sai a ɗauki maganar a matsayin zato har a samu wata hujja. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara duba sunan mai ba da bayanin kafin komai. Sau da yawa ma shi ne babbar ribar takardar, domin yana iya zama 'yar da ba a san ta ba, da sunan gidan aurenta da adireshinta.

Idan aka ga kuskure a shaidar da za a kai kotu, kada a taɓa ta da alƙalami, domin gyaran hannu na ɓata ta. A koma ofishin da ya rubuta da hujjar da ke nuna daidai. A tsarin ƙasashe da yawa ba a goge abin da aka fara rubutawa. Ana ƙara bayanin gyara ne a gefen shafi da kwanan wata, sannan a fitar da sabon kwafi mai ɗauke da shi.