Giyar gidan zuhudu: yaya aka yi masu gudun duniya suka yi fice wajen dafa barasa?

A ƙasar Beljiyam akwai wasu gidajen ibada na Katolika inda maza ke killace kansu, ba aure, ba dukiyar kai, suna tashi addu'a tun kafin zakara ya yi cara. Daga waɗannan gidaje ne kuma ake fitar da giyar da mashaya a Turai da Amurka ke rububinta. Hukuncin giya a wurin Musulmi a fili yake, ba shi ne zancenmu a nan ba. Abin da muke bi shi ne yadda zuhudu da tukunyar barasa suka zauna gida ɗaya.

Su wane ne waɗannan mutane?

Ruhubanawa ne na ɗariƙar Trappist. Suna bin ƙa'idar da wani waliyyin Kirista mai suna Benedict ya rubuta a Italiya a ƙarni na 6, wadda ta raba yini tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ta kuma ce mai zuhudu na gaskiya guminsa yake ci. A 1098 wasu suka ga an yi sako-sako da ƙa'idar, suka ware suka kafa gida a Cîteaux ta Faransa. Da tafiya ta yi tafiya su ma suka sassauta, sai a 1664 shugaban gidan La Trappe da ke Faransa, Armand de Rancé, ya sake ɗaure ɗamara: shiru mai tsawo, abinci kaɗan, aikin gona. Daga sunan gidan nan ɗariƙar ta samo nata.

Yawancin gidajensu ba ruwansu da giya. Wasu cuku suke yi, wasu burodi ko zuma ko sabulu. Suna da gida a Awhum ta jihar Enugu, da Mbengwi a Kamaru, kuma babu ɗayansu cikin jerin masu tambarin da ake ba giyar Trappist ta asali.

To addininsu bai hana ba ne?

Maye ya hana, bai haramta sha ba. Benedict kansa da ƙyar ya yarda. A babi na 40 na ƙa'idarsa ya ce a gaskiya ruwan inabi bai dace da mai zuhudu ba sam, amma tun da mutanen zamaninsa ba za su ji wannan ba, to a ba kowa ɗan awo guda a yini, kada a sha har a ƙoshi. Har gobe masana na gardamar girman awon.

A arewacin Turai inabi ba ya yi sosai saboda sanyi, sha'ir da alkama ne ke yi, sai giyar hatsi ta maye gurbi. Akwai wani zanen gidan zuhudu da aka adana a St Gallen ta Suwizalan, na wajajen shekarar 820, wanda ya nuna ɗakunan dafa giya har uku: ɗaya na ruhubanawa, ɗaya na manyan baƙi, ɗaya na matafiya da talakawa. Ana yawan cewa wai ruwan lokacin ne ba ya shawuwa shi ya sa kowa ya koma giya. An zuzuta wannan magana. Mutane na shan ruwan rijiya da na marmaro. Giya dai abinci ce a wurinsu, tana riƙe ciki, kuma hanya ce ta sarrafa hatsi.

Da gaske ne da giya suke azumi?

Wasu sun yi, amma ba 'yan Trappist ba. Ruhubanawan Paulaner ne na birnin Munich a Jamus, a ƙarni na 17, ke dafa wata giya mai kauri da zaƙi domin kwanaki 40 na azumin Kirista kafin Ista, lokacin da ake rage abinci. Ita ce ta zama Salvator da ake sayarwa yanzu, amma tuni sana'ar ta bar hannun ruhubanawa ta koma kamfani.

Me ya raba ta da giyar kanti?

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake burukutu ya san farkon aikin: a jiƙa hatsi, a bar shi ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ruwan ya yi tsami. Can sha'ir ne a madadin dawa. Inda hanya ta rabu shi ne furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop, wanda ake zubawa a tukunya ya kawo ɗaci da ƙamshi, ya kuma hana lalacewa. Tun ƙarni na 12 wata mai zuhudu a Jamus, Hildegard ta Bingen, ta rubuta cewa ɗacinsa na kare abin sha daga ruɓewa. Burukutu kwana kaɗan take yi ta ɓaci, wannan kuwa sai ta shekara.

Sai abu biyu da Beljiyam ta ƙware a kai. Na farko, ana ƙara sukari a tukunya domin yisti ya samu abin ci da yawa, ƙarfin maye ya hau ba tare da ruwan ya yi nauyi ba. Na biyu, lokacin ɗurawa a kwalba sai a sake sa ɗan sukari da yisti mai rai a toshe, aikin ya ci gaba a cikin kwalbar. Shi ya sa za ka ga laka ta kwanta a gindin kwalba, mai zubawa kuma yana karkata ta a hankali, ya bar ɗan saura don kada lakar ta bi. Kowane gida da kofinsa mai faɗin baki.

Ƙarfinta ba wasa ba. Giyar kanti na kaiwa kashi 5 cikin ɗari na sinadarin maye, amma giyar Dubbel ta gidan zuhudun Westmalle kashi 7 ce, Tripel ɗinsu da suka fara a 1934 kashi 9.5, Rochefort 10 ta gidan Rochefort kuwa ta haura kashi 11. Ta gidan Orval ce ta fita daban: ana sa mata wani yistin daji da ke ci gaba da canza ɗanɗanonta wata da watanni, har mashaya kan duba ranar ɗura kwalba kafin su saya.

Duk kwalbar da ke da hoton coci ta gidan zuhudu ce?

Ina! Nan ne ma rigimar take. Da sunan ya fara kawo kuɗi, kamfanoni suka dinga manna shi a kayansu, har aka je kotu a birnin Ghent a 1962. A 1997 gidaje takwas suka kafa ƙungiya da tambari mai kusurwa shida. Sharuɗɗan uku ne: a dafa a cikin harabar gidan, ruhubanawa su yi da hannunsu ko su sa ido a kai, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da ayyukan jin ƙai. Ƙungiyar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Gidan Koningshoeven na Holan, mai giyar La Trappe, ya rasa tambarin daga 1999 zuwa 2005 saboda yarjejeniyar da ya ƙulla da wani babban kamfani.

Irin su Leffe kuwa suna ne kawai na tsohon gidan zuhudu. Mai ita AB InBev ne, kamfanin giya mafi girma a duniya.

Wacce ce ake cewa ba a samunta ko da kuɗi?

Westvleteren 12, ta gidan Sint-Sixtus da ke ƙauye a yammacin Beljiyam, kusa da iyakar Faransa. Tun ƙarshen shekarun 1830 suke dafawa ba wanda ya dame su, sai a 2005 shafin RateBeer, inda mashaya ke ba giya maki, ya ɗora ta a kan gaba a duniya. Nan take motoci suka yi layi a 'yar siririyar hanyar ƙauyen, wayar gidan ta toshe da kira.

Da ɗan kasuwa ne, faɗaɗa masana'anta zai yi. Su ko suka ƙi. Matsayinsu shi ne su ba masu sana'ar giya ba ne, suna dafawa ne gwargwadon abin da zai riƙe gidan su ci gaba da ibada. Mai so sai ya kama layi tun da wuri, a da ta waya, daga 2019 ta intanet, ya ba da lambar motarsa, ya zo ƙofar gida a ranar da aka ba shi, ya ɗauki 'yan akwatuna ƙidayayyu, ya kuma yi alkawarin ba zai sayar wa wani ba. Shekaru da yawa kwalbar ko takarda ba ta da ita, launin murfi ne ke nuna irinta: kore, shuɗi, ko rawaya ga mai lamba 12.

Alkawarin fa bai hana komai ba. A 2018 wani babban kanti a Holan ya fito da kwalabe fiye da 7,000 yana sayar da kowacce kusan yuro 10, ninki-ba-ninkin farashin ƙofar gida, ruhubanawan suka fito fili suka yi tir. A ganina nan ne abin ya ɗaure: iyakar da suka sa don kada kasuwa ta cinye musu lokacin addu'a, ita ce ta ƙara haukata kasuwar. Sau ɗaya suka sassauta sosai, wajajen 2012, da ginin gidan ya buƙaci gyara, suka fitar da kaya zuwa kantuna har Amurka. Da aka gama gini suka koma yadda suke.

Su da kansu wacce suke sha?

Ba mai ƙarfin ba. Akwai mara ƙarfi da ake dafa musu domin cin abinci, kamar Westmalle Extra da Chimay Dorée, duk kashi 4.8.

Ina haɗinsu da ƙananan masu dafa giya na zamani?

Bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida a Amurka a 1978, ƙananan masana'antu suka yi ta ɓullowa, mutane sun gaji da ɗanɗano iri ɗaya na manyan kamfanoni. Da yawansu Beljiyam suka kalla, suka kwaikwayi Dubbel da Tripel. Salon kowa na iya ɗauka, tambarin ne ba a ara. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sana'ar za ta ɗore?

Babbar matsalar ita ce masu zuhudun ne ke ƙarewa. Matasan Turai ba sa shiga, waɗanda ke ciki sun tsufa, kuma sharaɗin tambari ya ce dole a samu ruhubanawa a gidan. Gidan Achel na Beljiyam ya rasa nasa a 2021 bayan na ƙarshensu sun koma Westmalle, saura biyar a Beljiyam: Westmalle, Westvleteren, Chimay, Orval da Rochefort. Gidan Spencer na Amurka ya rufe masana'antarsa a 2022 don ba ta biyan kanta, a 2023 kuma aka sanar da rufe gidan Engelszell na Ostiriya. A Ingila ne aka samu sabon shiga: ruhubanawan Mount Saint Bernard sun ga kiwon shanun madara ya daina riƙe su, suka bar shi, suka fara dafa Tynt Meadow a 2018.