Koyar da Gudanar da Kasuwanci Mai Ɗorewa a Jami'o'i

Gudanar da kasuwanci mai ɗorewa fanni ne na karatun jami'a da ke koya wa ɗalibi yadda kamfani zai ci riba ba tare da ya cinye abin da ribar ta dogara a kansa ba, wato ƙasa da ruwa da lafiyar ma'aikata da amincewar mutanen da yake zaune a cikinsu. Ana koyar da shi a makarantun koyon kasuwanci da tsangayoyin gudanarwa, a digiri na farko da na biyu, musamman MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. A wasu jami'o'in kwas guda ne, a wasu kuma digiri ne sukutum. Fannin ya ginu ne a kan asarar da ba ta shiga littafin lissafin kamfani. Idan masana'anta ta saki dagwalon ruwanta cikin kogi, ta yi tsimin kuɗin tacewa, amma mai noman rani da ke gangare shi zai biya. Aikin malami shi ne ya sa ɗalibi ya ga wannan asarar, ya iya ƙiyasta ta, ya kuma san wanda ya kamata ya ɗauke ta.

Asali

Na tsawon lokaci, ra'ayin da ya fi rinjaye a makarantun kasuwanci na Amurka shi ne wanda masanin tattalin arziki Milton Friedman ya bayyana a jaridar New York Times a 1970: haƙƙin da ke kan kamfani ga al'umma shi ne ya ƙara ribarsa, muddin yana bin doka kuma bai yi ha'inci ba. A ganinsa manaja wakilin masu hannun jari ne, ba shi da hurumin yin alheri da dukiyar da ba tasa ba. A 1984 R. Edward Freeman ya zo da mahangar masu ruwa da tsaki, wadda ta ce ma'aikata da kwastomomi da masu kawo kaya da maƙwabtan masana'anta duk suna da haƙƙin da manaja zai duba. Har yau a kan waɗannan ra'ayoyi biyu ake buɗe darasin farko a azuzuwa da dama.

Kalmar ɗorewa ta samu gindin zama a 1987, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta Norway ta jagoranta ta fitar da rahotonta. Rahoton ya ce ci gaba mai ɗorewa shi ne wanda ke biyan buƙatar mutanen yau ba tare da ya tauye wa na baya ikon biyan tasu ba. A 1990 wasu shugabannin jami'o'i suka taru a Talloires ta ƙasar Faransa suka sa hannu kan alkawarin shigar da batun muhalli cikin koyarwa da bincike. A 1994 kuma John Elkington na Birtaniya ya kawo shawarar a riƙa auna kamfani da ma'auni uku, riba da mutane da muhalli.

Sai dai abin da ya tura makarantun kasuwanci da gaske shi ne abin kunya. Kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a 2001 saboda maguɗin lissafi, kuma daga cikin manyansa akwai waɗanda suka yi karatu a fitattun makarantu. A 2005 aka buga wata maƙala ta Sumantra Ghoshal, malami a makarantar kasuwanci ta Landan wanda ya rasu shekara guda kafin nan, inda ya ɗora laifin a kan malaman kansu: in ka shekara kana koya wa matashi cewa ɗan Adam son kansa kaɗai ya sani, kada ka yi mamaki in ya fita ya aikata haka. Rikicin kuɗi na 2008 ya ƙara wa wannan zargi ƙarfi, har wasu ɗaliban Harvard da suka kammala a 2009 suka ƙirƙiro rantsuwar riƙon amana irin ta likitoci.

A 2007, a Geneva, aka ƙaddamar da PRME, shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na makarantun kasuwanci, a ƙarƙashin inuwar Global Compact, yarjejeniyar kamfanoni da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya assasa a 2000. Makarantar da ta shiga tana alkawarin bin ƙa'idojin koyar da shugabanci na gari, tana kuma miƙa rahoton abin da ta yi lokaci-lokaci. Ƙa'idojin shida ne da farko, aka mayar da su bakwai a 2023, kuma makarantu sama da 800 ne suka sa hannu. Muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun zama tsanin da yawancin manhajoji ke hawa.

Abin da ake koyarwa

Kwas na gabatarwa yakan taɓa ɗa'ar kasuwanci, haƙƙin ma'aikata, yaƙi da cin hanci, sauyin yanayi, da dabarar sake sarrafa kaya maimakon jefar da su. Wannan ɓangaren bai da wuya, kuma a nan kwasa-kwasai marasa ƙarfi suke tsayawa. Inda fannin ya fi nauyi shi ne inda ya shiga lissafi.

Misali na farko shi ne ƙidayar hayaƙin da ke ɗumama duniya. Tsarin da aka fi amfani da shi, wanda aka fara fitarwa a 2001, ya kasa hayaƙin kamfani gida uku. A ɗauki gidan burodi. Kashi na farko shi ne abin da ya fito daga tandarsa da janaretansa da motocin rarraba burodinsa. Na biyu shi ne hayaƙin da aka fitar a tashar da ta samar da wutar lantarkin da ya saya. Na uku shi ne duk sauran: noman alkama a wata nahiya, jirgin ruwan da ya ɗauko ta, sukari, da ledar da mai saye zai yar a kwata. A kamfanoni da yawa kashi na uku ya fi sauran biyun girma nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi wuyar ƙidayawa, domin alƙalumansa suna hannun wasu. Ɗalibin da ya taɓa zama ya yi wannan lissafi ba a cika ruɗarsa da talla ba.

Misali na biyu ya fi zurfi. A darasin kuɗi ana koya wa kowane ɗalibi cewa nairar gobe ba ta kai ta yau daraja ba, don haka ake rage darajar kuɗin da za su zo nan gaba da wani kaso a kowace shekara. A ce wani aiki zai haifar da ɓarnar naira miliyan ɗaya bayan shekara 30. In an yi ragin da kashi 3 cikin 100, ɓarnar ta kai kimanin naira 412,000 a kuɗin yau. In an yi da kashi 20, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar da kuɗin ruwan banki ya yi tsada, ta koma kimanin naira 4,200. Ɓarnar ba ta canja ba, alƙalami ne kawai ya shafe ta. Wannan ne tushen saɓanin da ya ɓarke bayan rahoton Nicholas Stern na 2006 kan tattalin arzikin sauyin yanayi: Stern ya yi amfani da ƙaramin kaso ya ce a tashi tsaye yanzu, masanin tattalin arziki William Nordhaus kuma ya ce kason ya yi ƙasa da yawa. Manhajar da ta yi wa ɗalibi wa'azin haƙƙin jikoki da safe, da rana kuma ta koya masa wannan ragin ba tare da ta haɗa biyun ba, ba ta koyar da komai ba.

Akwai kuma darasin rahoton ɗorewa, wato bayanin da kamfani ke fitarwa tare da na kuɗi. Ƙa'idojin rubuta irin wannan rahoto na ƙungiyar GRI, wadda aka kafa a 1997, sun daɗe suna kan gaba. A 2021 aka kafa ISSB, hukumar duniya mai tsara ma'aunan rahoton ɗorewa, ta kuma fitar da ma'aunanta biyu na farko a Yunin 2023, abin da ya sa batun ya shiga karatun akantoci kai tsaye.

Hanyoyin koyarwa

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce nazarin abin da ya faru da wani kamfani na gaske, salon da Harvard ta yi fice da shi tun shekarun 1920. Ana ba ɗalibai labarin, a ce su tsaya a matsayin manaja su yanke hukunci. Rushewar ginin Rana Plaza kusa da Dhaka a Bangladesh ranar 24 ga Afrilun 2013, inda mutum 1,134 suka mutu, akasari masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka, ya zama darasin da ake yawan komawa gare shi: shin kamfanin da ya ba da kwangila yana da alhakin ginin da ba nasa ba? Haka ma badaƙalar Volkswagen ta 2015, inda aka gano an sa wa motoci kimanin miliyan 11 manhajar kwamfuta da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi.

Wasan kwaikwayon kasuwa ma yana da tasiri. A wasan Fishbanks, wanda Dennis Meadows ya ƙirƙira, ana raba aji gida-gida, kowane rukuni kamfanin kamun kifi ne a teku guda. Kowa na sayen jirage don ya fi maƙwabcinsa kamu, riba na hawa, sai a wayi gari kifi ya ƙare kowa ya karye. Ɗalibai da yawa suna faɗawa wannan rami ko da sun riga sun karanta gargaɗin Garrett Hardin na 1968 kan dukiyar da ba ta da mai ita. Malami mai hankali yakan biyo da aikin Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, domin ta nuna cewa masunta da makiyaya da manoman rani a wurare da dama sun tsara wa kansu dokoki sun kuma kiyaye dukiyarsu ba tare da gwamnati ko ɗan kasuwa ya karɓe ta ba.

Wasu makarantun suna tura ɗalibai aiki da kamfani na gaske, ko su mayar da harabar jami'ar kanta wurin gwaji, a auna shara da ruwa da man da janareta ke sha.

Muhawara da suka

Tsohuwar gardamar ita ce ko a ware wa ɗorewa kwas nata, ko a cusa ta cikin kowane darasi. Kwas na daban yana da sauƙin shiryawa, amma in na zaɓi ne, waɗanda dama suka yarda ne ke zuwa. Cusawa ta fi amfani, sai dai tana buƙatar malamin akanta da na kuɗi da na talla su sake rubuta darussan da suka shekara suna koyarwa, kuma ƙarin girma a jami'a ya fi bin maƙalar da aka buga a kan gyaran manhaja. Hukumomin tantance makarantun kasuwanci sun matsa lamba, AACSB ta Amurka ta sa tasiri ga al'umma cikin ma'aunanta na 2020.

Wata sukar ta shafi yawan nanata cewa kyautata wa muhalli kullum riba ce. Wani lokaci haka ne, kamar rage ɓarnar wuta. Wani lokaci kuwa tace dagwalo asara ce tsagwaronta ga kamfani, kuma ba zai yi ba sai doka ta tilasta. Elkington da kansa ya fito a 2018 ya ce a sake duba ma'auninsa uku, domin an mayar da shi kayan cike takarda. Daga ɗaya ɓangaren kuma, musamman a siyasar Amurka, akwai masu ganin duk fannin shigar da aƙida ce cikin harkar kuɗi.

A Najeriya

Buƙatar ƙwararru a wannan fanni ta fara fitowa ne daga ɓangaren kuɗi. A 2012 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su bi ƙa'idoji tara na harkar banki mai ɗorewa, ciki har da duba illar aikin da za a ba bashi a kansa. A Disambar 2017 gwamnatin tarayya ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69, na farko da wata gwamnatin Afirka ta fitar. A 2022 ƙasar ta sanar da niyyar rungumar ma'aunan ISSB da wuri. Makarantar kasuwanci ta Legas tana da cibiyar ɗorewa, kuma sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta.

Matsalar ita ce littattafan fannin an rubuta su ne da babban kamfani mai hannun jari a zuciya, alhali yawancin 'yan kasuwar Arewa ba su da rahoton shekara, ba su da majalisar daraktoci. Misalan gida kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ga majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano da ruwan sinadarin da suke fitarwa. Ga gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Ga 'yan bola jari da 'yan gwangwan, waɗanda suke gudanar da sake sarrafa roba da ƙarfe tun kafin a sa abin a manhaja, ba safar hannu ba takunkumi.

Wake ya fi kowanne nuna yadda lissafin yake. Don gudun ƙwari, wasu masu ajiya suna zuba masa maganin da ke ɗauke da sinadarin dichlorvos, irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari, aka kuma yi ta sabunta haramcin, don haka wanda bai zuba ba ma ya rasa kasuwar. Ga kuma buhun PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Ya fi buhun gama-gari tsada a saye, amma ana iya sake amfani da shi in bai huje ba, kuma yana ba manomi damar riƙe wakensa har farashi ya tashi bayan kaka. Dillalin da ke Dawanau zai duba kuɗin buhun, da ko mai saye zai biya ƙari don wake mara magani, da wanda zai tabbatar masa cewa ba a zuba ba tun daga ƙauye.