Mene ne amosanin gaɓa a karen da aka yi wa aikin gwiwa?

Mai kare kan koma wurin likitan dabbobi shekara biyu ko uku bayan tiyatar gwiwa, a ce masa amosanin gaɓa ne ke damun karen, sai ransa ya ɓaci, ya ɗauka aikin ne bai yi kyau ba. Sau da yawa ba haka ba ne.

Amosanin gaɓa shi ne zaizayewar guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwa a inda suka haɗu. Idan santsinsa ya tafi, gaɓar ta kumbura, ta yi kauri, ƙashi ya riƙa tsiro a gefenta. Guringuntsin da ya cinye kuwa ba ya dawowa.

A cikin gwiwar kare akwai wata jijiya mai gicciye da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Ba kasafai take tsinkewa farat ɗaya irin ta ɗan ƙwallo ba, silalewa take yi kamar tsohuwar igiyar guga, wata da watanni. Tsinkewarta ce kan kai kare ga tiyatar gwiwa, kuma sau da yawa kafin a kai ga tiyatar, amosanin ya riga ya kama. Aikin da ake kira TPLO, wanda Barclay Slocum ya fito da shi a Amurka a 1993, shi ne a yanka saman ƙashin ƙwauri, a juya shi, a ɗaure da ƙarfe. Yana hana gwiwa girgiɗi, yana rage saurin lalacewar, amma ba ya tsayar da ita.

Ka lura da tsohon karenka da sanyin safiya: sai ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe, ya ɗan yi ɗingishi, jiki ya saki bayan ya taka. In zai zauna, ya miƙe ƙafar gefe guda. Ka shafa cinyoyinsa biyu, za ka ji ɗaya ta motse.

A ganina, ƙiba ce babbar abokiyar gaba, kuma ita ce a hannunka. A wani bincike kan karnuka 48 jinsin Labrador, waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi daɗewa ba su kamu ba, sun kuma fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu. A haɗa da tattaki kaɗan kullum, da shimfiɗa mai laushi.

Don Allah kada ka ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna iya huda masa ciki su lalata ƙoda. Likita na da na karnuka, irin su carprofen da meloxicam, kuma shi zai auna masa gwargwadon nauyinsa.